Yadda ake haɗa katalis na ƙwayoyin nikel don tace ɗanyen man tsiro

Idan aka toya itace, karan dawa ko totuwar masara a digiri 500 na ma'aunin Selshiyos ba tare da iska ba, aka sanyaya tururin cikin abin da bai kai daƙiƙa 2 ba, ana samun wani baƙin mai mai kauri da warin hayaƙi. Daga busasshen itace yakan kai kashi 70 cikin 100 na nauyin abin da aka zuba. Amma wannan mai ba ya shiga inji. Kashi 35 zuwa 40 cikin 100 na jikinsa oksijin ne, ruwan da ke ciki yakan kai kashi 15 zuwa 30, tsaminsa yana tsakanin pH 2 da 3, ƙarfin da yake bayarwa kuma megajul 16 zuwa 19 ne a kowane kilo, alhali dizal yana ba da kusan 45. Yana cin ƙarfe, yana daskarewa a ajiya, kuma ba ya gauraya da fetur ko dizal.

Aikin katalis, wato sinadarin da ke hanzarta haɗuwar wasu sinadarai ba tare da shi ya ƙare ba, shi ne cire wannan oksijin ta hanyar haɗa shi da haidurojin ya fita a matsayin ruwa. Ƙarfen da aka fi samu da sauƙi don wannan aiki shi ne nikel. Rutiniyom da faladiyom sun fi shi kuzari, amma tsadar rutiniyom ta ninka ta nikel sau ɗaruruwa ko fiye, don haka mai fara aiki ya fara da nikel.

Abin da ya kamata ya zauna a zuciya tun farko shi ne, nikel ɗin da aka auna a sikeli ba shi ke aiki ba. Atom ɗin da ke bayan ƙwaya kaɗai ke taɓa mai da haidurojin. Ƙwaya mai faɗin nanomita 2 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita) tana da kusan rabin atom ɗinta a waje, mai nanomita 5 kashi 20 cikin 100, mai nanomita 20 kuwa kashi 5 kacal. Mutum biyu za su iya zuba nikel giram ɗaya-ɗaya, na ɗaya ya yi aiki ninki huɗu na ɗayan. Saboda haka duk matakan da ke tafe manufarsu guda ce: a samu ƙwayar ƙanana, a kuma hana ta girma ko toshewa.

Zaɓen mazauni

Ƙwayoyin nikel ba sa zama su kaɗai, sai an shimfiɗa su a kan wani gari mai ramuka masu yawa, wanda ake kira mazauni. Wanda aka fi sani shi ne gama-alumina, mai faɗin fili murabba'in mita 150 zuwa 250 a kowane giram. Yana riƙe nikel da kyau, yana da ɗan tsami da ke taimaka wa cire ruwa. Aibinsa biyu ne. A cikin ruwa mai zafin digiri 150 zuwa 200 yana rikiɗa ya koma bohemait, wani nau'in alumina mai ruwa a jiki, ramukansa su rushe su binne ƙarfen. Sannan idan aka gasa shi da nikel da zafi sosai, su biyun suna haɗewa su zama NiAl2O4, wanda ba ya sakin oksijin ɗinsa sai an haura digiri 700. Garin da ya fito tanderu da shuɗi-shuɗi a jikinsa, wannan ne ya same shi.

Silika ba ta kama nikel haka, shi ya sa ta fi dacewa da mai koyo da kuma gwajin da ba ruwa a cikinsa. Ana iya sayen silika jel, ana kuma iya yin ta daga buntun shinkafa, wanda yake jibge a bayan injinan casar shinkafa a Kano da Kebbi. Tokar buntu takan kai kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na nauyinsa, kuma sama da kashi 90 na tokar silika ce. A wanke buntun, a dafa shi cikin HCl mai ƙarfin mola 1 a digiri 90 na awa 2, a ɗauraye har ruwan ya daina tsami, a busar, a ƙona a digiri 550 zuwa 600 na awa 4. Wankin asid ɗin nan ba a tsallake shi, domin shi ke fitar da fotasiyom. Idan fotasiyom ya rage, yana narkar da bayan silikar ya kulle gawayi a ciki, sai toka ta fito baƙa ko ruwan toka maimakon fara tas. Idan zafi ya wuce digiri 800 kuma, silikar tana komawa kiristobalait, wani daskararren nau'inta, ramukan su tafi.

Ranar da za a shiga ainihin ɗanyen mai mai ruwa da asid, silika ma ba ta daɗewa. Nan sai gawayi mai ramuka, ko TiO2, ko ZrO2.

Awo da jiƙo

Mu ɗauki giram 10 na katalis mai nikel kashi 10 cikin 100. Ana bukatar mazauni giram 9.0 da nikel giram 1.0. Gishirin da ake amfani da shi Ni(NO3)2·6H2O ne, koren gishiri mai nauyin giram 290.8 a kowane mol, wanda nikel ɗin cikinsa kashi 20.2 cikin 100 ne kawai. Don haka giram 4.95 za a auna. Gishirin yana shan danshin iska. Kwalbar da ta daɗe a buɗe lokacin damina takan yi laima, kuma duk wanda ya auna daga cikinta zai samu nikel ƙasa da lissafinsa. Kada a yi amfani da gishirin nikel mai kulorin ko mai salfa, domin duka biyu suna barin guba a kan ƙarfen.

A fara busar da mazaunin a digiri 120 na kwana ɗaya, sannan a auna yawan ruwan da ramukansa ke ɗauka. A ɗebi giram 1.00 a ƙaramin kwano, a riƙa ɗiga ruwa daga biyuret ana juyawa da sandar gilashi. Garin zai yi ta shanye ruwa yana nan kamar busasshe, sai can ya fara dunƙulewa yana manne wa sanda, bayansa ya ɗan yi sheƙi. A nan ake tsayawa. A maimaita sau uku a ɗauki matsakaici. Silika jel takan sha mililita 0.8 zuwa 1.0 a giram, alumina 0.4 zuwa 0.8, silikar buntu sau da yawa ƙasa da haka.

Idan silikar ta sha 0.9, jimillar ruwan gishirin da za a zuba wa giram 9.0 mililita 8.1 ne. A lura, jimillar ruwan bayan gishiri ya narke ake nufi. A narkar da giram 4.95 a ruwa kaɗan, sannan a cika zuwa 8.1. Mai zuba gishiri cikin ruwa mililita 8.1 zai wuce ƙima, domin gishirin da kansa yana ɗauke da ruwa kuma yana cin wuri, sai gari ya koma kunu, nikel ya bushe a wajen ramuka. Idan kuma ramukan ƙanana ne, misali mililita 0.35 a giram, ruwan mililita 3 ba zai narkar da gishirin duka ba. Sai a raba jiƙon gida biyu, a busar tsakani.

A ɗiga ruwan gishirin kaɗan-kaɗan ana murza garin, har launin ya zama kore iri ɗaya ba fari-fari a tsakani. A rufe kwanon a bar shi awa 4 zuwa 12 domin ruwan ya ratsa.

Busarwa da gashi, inda aka fi yin asara

Mutane da yawa suna ɗaukar busarwa a matsayin abin da ba ya bukatar tunani, su jefa kwano a tanda mai digiri 120 su tafi gida. Gishirin nan yana narkewa cikin ruwan jikinsa a kusan digiri 57. Idan aka dumama shi da sauri, ya zama ruwa ke nan mai yawo, kuma yayin da danshi ke fita ta bakin ramuka yana jan gishirin zuwa waje, inda yake taruwa ya yi manyan duwatsu. Alamar ita ce saman garin ya yi kore shar, ƙasansa ya yi fari. A shimfiɗa garin kada kaurinsa ya wuce milimita 3 zuwa 5, a busar a digiri 40 zuwa 50 na dare ɗaya a inda iska ke wucewa, a juya shi sau ɗaya ko biyu, sannan a ɗaga zuwa digiri 100 na awa 2.

Gashi shi ne ke mayar da gishirin zuwa NiO, wato nikel haɗe da oksijin. Rushewar tana faruwa tsakanin digiri 250 da 350, tana fitar da ruwa da jan hayaƙin NO2, wanda guba ne ga huhu, don haka dole bakin bututun ya fita ta akwatin zuƙe hayaƙi. Idan wannan hayaƙi da tururi suka tsaya a cikin garin, ƙwayoyin suna haɗewa. Shi ya sa tanderun akwati, wanda iska ba ta motsi a cikinsa, yake ba da NiO mai nanomita 10 zuwa 30 ko fiye. Tanderun bututu ya fi: a zuba garin a bututun kwatz, a tura busasshiyar iska da ƙarfi, aƙalla mililita 100 a minti ga kowane giram, a hau da digiri 1 zuwa 2 a minti har 450, a tsaya awa 3 zuwa 4. Garin zai tashi daga kore ya koma ruwan toka mai duhu.

A shekarar 2007 ƙungiyar Krijn de Jong a Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan ta nuna cewa idan aka gasa wannan gishiri cikin iskar hiliyom mai ɗauke da NO kashi 1 cikin 100, ana samun ƙwayoyin NiO masu kusan nanomita 4, ko da nikel ɗin ya haura kashi 20 cikin 100. Ba kowane ɗakin gwaji ke da tulun NO ba. Hanya mai sauƙi ita ce a ƙara etilin gilaikol a ruwan jiƙo, mol ɗaya ga mol ɗaya na nikel, wato kusan giram 1.06 a wannan awon namu. Yana riƙe nikel ɗin ya hana shi yawo. Sai dai naitiret da abu mai ci da wuta idan suka haɗu suna iya kamawa lokaci guda wajen digiri 200, don haka hawan zafi kada ya wuce digiri 1 a minti, kuma kada a gasa da yawa a tashi ɗaya.

Idan mazaunin gawayi ne, ba a gasa shi cikin iska ko kaɗan. Nikel yana taimaka wa gawayi ya ci wuta, sai a buɗe tanderu a tarar da toka. A yi amfani da naitirojin.

Kunna shi da haidurojin

NiO ba ya aikin da ake so, sai an cire masa oksijin ya koma ƙarfe. A kori iska daga bututun da naitirojin na minti 20 zuwa 30 kafin a buɗe haidurojin, domin haidurojin yana kama wuta a cikin iska daga kashi 4 har zuwa 75 cikin 100. A tura cakuɗen haidurojin kashi 10 cikin naitirojin, mililita 50 zuwa 100 a minti ga kowane giram, a hau da digiri 2 a minti zuwa 450, a tsaya awa 3 zuwa 4. Giram ɗaya na nikel yana fitar da ruwa kusan giram 0.3, za a ga raɓarsa a wutsiyar bututun. Wannan tururin idan ya zauna yana girmar da ƙwaya, shi ya sa ba a rage gudun iskar don tattali.

Kada kwaɗayin gamawa ya sa a ƙara zafi. Nikel yana narkewa a digiri 1455, amma tun wajen digiri 590 ƙwayoyinsa ke fara tafiya suna haɗewa, kuma wanda ya haɗe ba ya rabuwa. Wanda yake da na'urar TPR, mai auna shan haidurojin yayin da zafi ke hawa, ya fara gwada miligiram 50 ya ga inda garinsa ke shan haidurojin, ya tsaya kaɗan sama da nan. A kan alumina zafin da ake bukata yakan fi na silika. A kan gawayi kuma kada a wuce 450, domin nikel yana mayar da gawayin iskar mitan.

Idan wutar lantarki ta ɗauke ana tsakiyar wannan mataki, kada a rufe iskar gas, kada a buɗe bututu. A mayar da shi kan naitirojin ya huce a haka, a sake farawa daga baya.

Sabon nikel da aka kunna yana kama wuta da kansa idan ya haɗu da iska. Garin zai yi ja a kan takarda, ya koma NiO mai manyan ƙwayoyi, aikin kwana uku ya tafi. A bari ya huce ƙasa da digiri 30 cikin naitirojin, sannan a tura oksijin kashi 1 cikin 100 na awa 1 zuwa 2 ana kallon ma'aunin zafi. Idan zafin ya ƙaru da fiye da digiri 10, a rage oksijin ɗin. Wannan yana yi wa ƙwayar siririyar riga da za ta kare ta, wadda ake cirewa da haidurojin a digiri 250 zuwa 300 kafin aiki. Wata hanyar ita ce a juye garin kai tsaye cikin ruwan da za a yi gwaji da shi, naitirojin na gudana a kai.

Gwaji mafi arha shi ne maganaɗisu. Ƙarfen nikel yana binsa ta bayan kwalba, NiO ba ya bi. Don sanin girman ƙwaya sai XRD, na'urar da ke haska gari da hasken X ta zana tsini a kusurwar da kowane sinadari ke fitowa. Da fitilar jan ƙarfe, nikel yana fitowa a kusurwa 44.5, 51.8 da 76.4, NiO kuma a 37.2, 43.3 da 62.9. Gwargwadon faɗin tsinin, gwargwadon ƙanƙantar ƙwayar: tsinin 44.5 mai faɗin digiri 1.5 a rabin tsayinsa yana nuna kusan nanomita 6 a lissafin Scherrer. A kan alumina a yi lissafi da na 51.8, domin alumina tana da nata tsinin kusa da 46 wanda ke shiga na farkon. Hoton TEM, wato maikuroskof mai aiki da ilektiron, ya fi XRD faɗin gaskiya, amma sai an ƙirga ƙwayoyi 200 ko fiye daga wurare daban-daban.

Gwajin farko da gwayakol

Ba a fara gwada sabon katalis da ɗanyen mai, domin sinadaran cikinsa sun haura 300, idan abu ya lalace ba za a san dalili ba. Ana farawa da gwayakol, C7H8O2, wanda ke wakiltar ɓangaren lignin, sinadarin da ke ba itace tauri, kuma yana da irin oksijin biyu masu wuyar cirewa.

A tukunyar matsi ta baƙin ƙarfe mara tsatsa mai mililita 100 da abin juyawa, a zuba gwayakol giram 1.24, wato milimol 10, da dodeken mililita 30, da katalis giram 0.2 da aka niƙa ƙasa da maikuromita 100. A ƙara ɗan wani sinadari da ba ya canzawa, kamar heksadeken, wanda aka auna daidai, domin lissafin GC, na'urar da ke rarrabe sinadaran cikin samfur ta auna yawansu. Tukunyar nan mai cikin Teflon da ake dafa ziyolait (wani gari mai ƙananan ramuka) a ciki ba ta wannan aikin ba ce. Wadda za a yi amfani da ita dole ta kasance da faifan fashewa da ma'aunin matsi, kuma kada ruwa ya wuce rabinta.

A rufe, a cika da naitirojin sama da matsin da za a yi aiki da shi, a jira minti 30. Idan allura ta sauka, akwai yoyo, a nemo shi da ruwan sabulu. A kori iska da naitirojin sau uku, da haidurojin sau uku, sannan a cika zuwa bar 40. Sararin mililita 70 da ya rage yana ɗauke da haidurojin kusan milimol 113. Mayar da gwayakol mol ɗaya zuwa saikloheksen (C6H12) da metanol da ruwa yana cin mol 5 na haidurojin, idan metanol ɗin ya koma mitan kuma mol 6. Ke nan akwai ninki biyu na abin da ake bukata. A dumama zuwa digiri 250, matsi zai hau tsakanin bar 70 da 80, a juya da gudun 800 zuwa 1000 a minti na awa 2 zuwa 4. Bayan ta huce a karanta allura kafin a saki gas. Idan an ci milimol 50 ba a samu mitan mai yawa ba, matsin zai sauka da kusan bar 18. Wannan lamba tana gaya maka abin da ya faru tun kafin a kai samfur GC.

Nikel a kan silika ya ƙware wajen cika zoben kabon shida na gwayakol da haidurojin, amma yana da rauni wajen tsinke oksijin. A digiri 150 zuwa 200 abin da zai fi yawa shi ne 2-metoksisaikloheksanol, wanda ya ci haidurojin mol 3 bai rasa oksijin ko ɗaya ba. A 250 saikloheksanol zai yawaita. Mai ganin gwayakol ya ƙare ƙaf ya ce ya yi nasara bai duba da kyau ba, abin dubawa shi ne oksijin nawa ya fita. Don a kai ga saikloheksen sai an samu wurin tsami da zai cire ruwa daga saikloheksanol. Ƙungiyar Johannes Lercher a Munik ta Jamus ta nuna haka a 2009 da faladiyom a kan gawayi tare da asid ɗin fosforik, sannan a 2012 da nikel a kan ziyolait HZSM-5. A aikace, a gauraya giram 0.2 na HZSM-5 ko H-Beta da katalis ɗin a sake gwajin. Ramukan HZSM-5 kusan nanomita 0.55 ne, manyan gutsattsarin lignin ba sa shiga, shi ya sa H-Beta, ziyolait mai ramukan da suka fi faɗi, ya fi dacewa da su. Tsami idan ya yi yawa kuma ƙanzo yake kawowa, wato baƙin kabon da ke manne wa katalis ya toshe shi.

Wanda ke son zoben ya tsaya yadda yake, a samu benzin da toluwin masu amfani a fetur kuma a rage cin haidurojin, hanyarsa daban ce: tururi a digiri 350 zuwa 400, matsi kusa da na iska, da ƙarin ƙarfe mai son oksijin kamar baƙin ƙarfe ko molibdinom. Ƙungiyar Daniel Resasco a Jami'ar Oklahoma ta Amurka ta yi aiki sosai a kan haɗin nikel da baƙin ƙarfe.

Gwaji uku ba a barinsu: tukunya ba katalis, tukunya da mazauni kaɗai, da gwaji a gudun juyawa biyu, 500 da 1000. Idan sakamako ya canza da gudun juyawa, narkewar haidurojin cikin ruwa ake aunawa, ba ƙarfin katalis ba. Idan ana kwatanta katalis biyu, a tsayar da aikin tun gwayakol ɗin da ya canza bai wuce kashi 20 zuwa 30 cikin 100 ba, domin a kashi 100 mai ƙarfi da mai rauni duk ɗaya suke. A kuma haɗa lissafin kabon. Idan abin da aka gano bai kai kashi 90 na abin da aka zuba ba, sauran yana cikin gas ko ya manne a kan katalis.

Shiga ainihin man

Ingancin man yana farawa daga kara. A busar da shi danshi ya sauka ƙasa da kashi 10 cikin 100, a niƙa ƙasa da milimita 2 zuwa 3. Karan hatsi da ɓawo sun fi itace toka da fotasiyom nesa ba kusa ba, kuma fotasiyom yana rage yawan mai ya ƙara gawayi da ruwa. Jiƙa karan a ruwa kafin busarwa yana fitar da kaso mai yawa. A tace man daga ƙurar gawayi, a ajiye shi a firji.

Babban kuskure shi ne a kai ɗanyen mai digiri 350 kai tsaye. Sukari da aldehaid da ke cikinsa suna fara haɗewa tun daga digiri 80 zuwa 100, kuma a zafi mai yawa sun fi haidurojin sauri. Ana buɗe tukunya a tarar da baƙin ƙanzo mai tauri ya kama abin juyawa, katalis na cikinsa a binne. Maganin shi ne mataki biyu, kamar yadda Douglas Elliott da abokan aikinsa suka daɗe suna yi a ɗakin binciken PNNL na Amurka: a fara a digiri 140 zuwa 200 domin aldehaid da sukari su koma alkohol masu natsuwa, sannan a hau 350 zuwa 400 da matsin da ya haura bar 100. A matakin farko rutiniyom kashi 5 cikin 100 a kan gawayi ya fi kowa, haɗin nikel da jan ƙarfe kuma shi ne madadin mai arha. Jan ƙarfen yana sauƙaƙa kunna nikel, yana kuma rage mitan.

A yi lissafin haidurojin kafin a zuba mai. Kilo ɗaya mai oksijin giram 350 yana bukatar aƙalla mol 22, kusan lita 490, ban da wanda zobba za su sha. Tukunyarmu mai milimol 113 ba za ta iya da abin da ya wuce giram 5 ba. Mai zuba giram 25 ya rufe, haidurojin zai ƙare masa da wuri, daga nan kuma ƙanzo kawai ake yi. Ko a rage mai, ko a haɗa tukunyar da tulun da zai riƙa cika matsi.

Akwai haɗari ɗaya da ya keɓanta da nikel. Ɗanyen mai da man girki suna fitar da CO yayin aiki, kuma nikel mai laushi yana haɗuwa da CO ƙasa da digiri 150 zuwa 200 ya zama Ni(CO)4, wanda ke tafasa a digiri 43 kuma kaɗan daga cikinsa yana kisa. Lokacin hucewa ne yake samuwa. Inda tsarin ya ba da dama a kori gas ɗin da haidurojin ko naitirojin tun zafi yana sama da 200, kuma ko yaya ne ba a sakin gas ɗin tukunya sai cikin akwatin zuƙe hayaƙi.

Gano abin da ya kashe katalis

Katalis da ya yi kyau a zagaye na farko bai nuna komai ba tukuna. A tace shi, a wanke da asiton, a sake kunna shi, a maimaita aƙalla sau huɗu, a riƙa tsayar da aikin tun abin da ya canza yana ƙaramin kaso, ana auna nauyinsa kowane zagaye domin wani yana salwanta wajen tacewa. Idan ƙarfinsa ya sauka, dalilan da aka saba gani huɗu ne, kowanne da alamarsa.

Idan ruwan da ya rabu da mai ya fito kore-kore, asid ɗin asetik ya narkar da nikel. A ɗiga amoniya da daimetilgilayoksim, jan launi mai haske zai tabbatar. Wannan yakan faru ne lokacin dumamawa da hucewa, ko idan ba a kunna nikel ɗin ya gama ba, domin NiO ya fi ƙarfen saurin narkewa a asid. Idan tsinin XRD ya ƙara tsini ya rage faɗi, ƙwayoyi sun haɗe, ba kuma gyara. Sababbin tsini a 14.5 da 28.2 a kan alumina bohemait ne, sai a canza mazauni. Idan nauyi ya ƙaru, faɗin fili ya ragu, ƙanzo ne, TGA, na'urar da ke auna nauyin samfur yayin dumama shi, zai nuna yawansa, kuma shi kaɗai ke da magani mai sauƙi: a ƙone shi da oksijin kashi 2 zuwa 5 cikin 100 a digiri 400 zuwa 450, a hau a hankali domin ƙonewar tana ƙara zafi, sannan a sake kunnawa. Mai mazaunin gawayi ba ya samun wannan dama. Idan kuwa duk waɗannan ba a gansu ba amma katalis ya mutu, a auna salfa. Ko kaɗan ne a cikin mai yana kama bayan nikel da rutiniyom ya ƙi sauka, kuma ragowar amfanin gona sun fi itace yawansa. Abin yi shi ne a sa wani kaso na nikel mai arha a gaba ya tare shi kafin ya isa babban katalis.

Katalis da aka gama da shi yana iya kama wuta idan ya bushe a kan takardar tacewa. A bar shi a jiƙe, a zuba shi a kwalba ƙarƙashin ruwa, a rubuta sunansa a jiki, kada a jefa shi kwandon da ke da takarda ko auduga mai asiton. Gishirin nikel da ƙurarsa suna kawo ƙaiƙayin fata, shaƙarsu kuma na cikin abubuwan da ke jawo ciwon daji, don haka safar hannu da takunkumi wajibi ne tun daga awo. Koren ruwan wanki ba a zuba shi a kwata: a ƙara masa NaOH har pH ya kai 10, nikel ɗin zai kwanta a ƙasa, a tace a ajiye tare da sauran sharar ƙarfe.